Wa Ya Biya Kuɗin Magani?

Ina gai da ku, musamman mutanen ƙasar Aliero da Jega da Maiyama, da waɗanda za a karanta wa wannan jawabi suna zaune a rumfar ɗakin magani, suna jira malamin asibiti ya kira su.

Yau maganarmu ta kuɗi ce, amma ba ta haraji ba, kada kowa ya tashi. Kun sha ji an ce a wuri kaza ana ba da magani kyauta. To, ku tsaya ku yi tunani. Ƙwayar magani ba ta tsirowa a fadama kamar albasa. Allura saye a ke yi, gado saye a ke yi, likita kuma yana da iyali da za su ci tuwo. In ka ga an ba ka abu ba ka biya ba, lalle wani ya biya a wani wuri. Wane ne shi? Mu kuma ina namu rabon aikin? Zan ba ku amsa da labarin wani asibiti da ke Sakkwato, wanda 'ya'yanmu na Jihar Kebbi su ke kwanciya a cikinsa.

Da farko sai ku san ciwon da aka gina asibitin dominsa. Likitoci suna kiransa noma. Kada ku zaci noman gona ne, ko kusa. Kalma ce ta Girkawan da, ma'anarta abin da ke cin jiki kamar yadda dabba ta ke cin ciyawa a makiyaya. A rediyo ana ce masa zaizayar baki. A ƙauyuka kuwa kowane wuri da sunan da ya ba shi, waɗansu su ce ciwon iska, waɗansu ɗan hurawa, waɗansu ciwon daji, waɗansu bakin kare. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga yaye zuwa famfara.

Ga yadda ya ke farawa, ku kasa kunne sosai. Dasashin yaro ya yi ja, ya kumbura, in an taɓa sai jini. Sa'an nan baki ya soma wari irin wanda ba a saba ji ba, miyau yana zuba, jiki da zafi, yaro ya ƙi abinci. Bayan 'yan kwanaki sai kunci ɗaya ya kumbura ya yi tauri. Daga nan sai wani wuri a kuncin ya yi baƙi, naman ya mutu, ya zube, ya bar rami har ana ganin haƙora daga waje. Wani ya rasa leɓe, wani hanci, wani ido. Duk wannan fa cikin mako biyu ya kan auku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, cikin yara 10 da ya kama har 9 suna iya mutuwa. Cikin shekarar 1998 ta ƙiyasta yara 140,000 ne su ke kamuwa da shi kowace shekara a duniya. Wanda ya rayu kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa ya kan ƙulle, ba ya iya buɗe baki, ci da magana su zame masa wahala. A kan ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ba makaranta, ba dandali.

Abin takaici shi ne, a farkonsa maganin ba shi da wuya. In an kawo yaro tun dasashi yana jini, ko tun kunci bai yi baƙi ba, malamin asibiti zai ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da wanda kuka sani da sunan Flagyl, a riƙa wanke masa baki, a ba shi ruwa da abinci mai gina jiki, sai ciwon ya tsaya. In nama ya riga ya zube kuwa, ba ƙwayar da za ta mayar da shi. Sai aikin fiɗa, a yanko fata da nama daga wani wuri a jikin yaron a rufe ramin, a saki muƙamuƙin da ya ƙulle. Aiki ne na gwanaye, kuma sau da yawa ba a gama shi a karo ɗaya, sai a yi biyu ko uku ko fiye, a tsakani ana jira wurin ya warke. Ba manomin da zai iya biyan wannan daga rumbunsa.

Cikin shekarar 1996 wata ƙungiyar taimakon yara ta ƙasar Jamus ta ɗauki nauyin waɗansu likitocin fiɗa, suka zo Sakkwato suka yi wa masu irin wannan tabo aiki. Da labari ya bazu sai mutane suka yi ta fitowa daga ƙauyuka, har da manya waɗanda suka shekara ashirin suna rufe fuska da gefen rawani ko mayafi. Aka ga wannan aiki ya fi ƙarfin ɗakin aro, sai an yi masa gidansa. Cikin 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato. Likitoci daga Jamus da Holan da Ingila suka riƙa zuwa ƙungiya ƙungiya, su yi 'yan makonni suna aiki su koma, da yawansu ba a biyansu lada. Kuɗin jirginsu da kayan aikinsu daga gudummawar mutanen ƙasashensu ya ke fitowa.

Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wadda ku ke ganin motocinta da haruffan MSF, ta haɗa hannu da Ma'aikatar Lafiya a asibitin. Daga wannan shekara zuwa ƙarshen 2023 an yi aikin fiɗa fiye da 1,200 ga mutane fiye da 800, ba a karɓi ko kwabo daga hannun majinyaci ba. Ita ce kuma cikin 2022 ta soma jinyar yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama, nan kusa da ku. An kafa ƙungiyar a Faransa cikin 1971. Mutane da yawa suna tsammani wata gwamnati ce ta ke ba ta kuɗi. Ba haka ba ne. Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da ta ke kashewa gudummawa ce, daga mutane wajen miliyan 7 a ƙasashe dabam dabam, da yawansu ma'aikata ne da tsofaffi masu ba da ɗan abu kaɗan kowane wata. Ba su san Sakkwato ba, ba su taɓa jin sunan Sabiyal ko Andarai ko Kimba ba.

Bari in ba ku misali ɗaya, ku ga yadda irin wannan abu ya ke somawa. Cikin 1994 wata malamar makarantar yara a garin Regensburg na ƙasar Jamus ta ga hoton yara masu zaizayar baki a talabijin. Abin ya tsaya mata a rai. Ta gaya wa ɗalibanta, suka shiga tara kuɗi domin a yi wa yaran aiki. Abin da yara 'yan makaranta suka fara ya zama ƙungiya, sunanta Hilfsaktion Noma. Ta yi shekaru tana aiki a Jamhuriyar Nijar, kuma da kuɗinta aka gina cibiyar noma da aka buɗe a Asibitin Ƙasa na Abuja a ƙarshen 2023. Kun ji. Malamar makaranta ce fa, ba sarauniya ba.

Ba duk kuɗin nan ne ya ke tafiya wajen magani da fiɗa ba. Ana ware wani kashi domin bincike. A nan ne mutane su kan yi gunaguni, su ce, "Bincike kuma na mene ne? Yara suna mutuwa, ku kuna yawo da takarda da alƙalami kuna tambayar abin da muka ci jiya!" Na ji wannan magana, kuma ban ga laifin mai faɗinta ba. Amma ku ji abin da takarda da alƙalamin suka haifar.

Da, kowa da abin da ya ke ɗora wa laifin ciwon. A gida a ce iska ce ko sammu, likitoci kuma waɗansu su ce lalle akwai wata ƙwayar cuta guda wadda in an gano ta shi ke nan. Wani shaihin malami ɗan ƙasar nan, Farfesa Cyril Enwonwu, ya yi shekaru masu yawa yana bin sawun ciwon, har a ƙauyukan ƙasar Sakkwato, ya nuna yana tafiya tare da tamowa da ƙyanda. Daga 2001 zuwa 2006 likitoci daga Janeba ta ƙasar Suwizalan suka yi bincike a ƙasar Damagaram. Suka duba bakin yara masu ciwon da na marasa shi, ba su sami wata ƙwaya guda da za a ce ita kaɗai ce mai laifi ba. Abin da suka gani shi ne, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin bakin kowa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne su ke rikicewa su far wa nama sa'ad da jikin yaro ya yi rauni, saboda yunwa, ko saboda zazzaɓi ko zawo ko ciwon ƙirji da ya yi ba da daɗewa ba. Domin haka muna gaya muku da ƙarfin zuciya, ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani. Kada a ware wa yaro kwano, kada a hana 'yan'uwansa zama kusa da shi.

Cikin 2017 aka yi wani bincike a asibitin Sakkwato kansa. Aka ɗauki yara 74 masu ciwon, aka gwada zamansu da na yara 222 daga ƙauyukansu waɗanda ba su kamu ba. Aka tarar waɗanda kullum kunu ne abincinsu sun fi kamuwa. Kada ku tafi ku ce na ce kunu guba ne. Kunu zalla, safe da rana da dare, ba gyaɗa, ba wake, ba nono, ba ganye, shi ne ya ke cika ciki ya bar jiki ba ƙarfi. Aka kuma tarar yaran da aka ba su dakashi, watau nonon farko mai kauri da ya ke zuwa bayan haihuwa, ba su cika kamuwa ba. Iyayenmu mata da ungozomomi, kun ji fa. Wannan nono da a kan matse a zubar, a ce ba shi da kyau, shi ne rigakafin jariri na fari.

Shekara ta gaba, 2018, aka bi ƙauyukan Jihar Sakkwato da Jihar Kebbi gida gida, aka duba bakin yara fiye da 7,000. Wajen 3 cikin kowane 100 an same su da kumburin dasashi, 'yan kaɗan kuma sun riga sun shiga matakin haɗari, suna gida ba a kai su ko'ina ba. Aka kuma zauna da masu maganin gargajiya aka ji ta bakinsu. Ashe sau da yawa su a ke fara kai wa yaron, kuma an samu a cikinsu masu yarda su tura shi asibiti in an nuna musu alamun.

Da irin waɗannan shaidu ne Gwamnatin Nijeriya ta kai takarda gaban Hukumar Lafiya ta Duniya cikin Janairu 1923, a'a, na yi tuntuɓen baki, cikin Janairu 2023, tare da goyon bayan ƙasashe fiye da 30. Ran 15 ga Disamba 2023 Hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Amfanin wannan shi ne, ciwon ya shiga lissafi, za a riƙa ƙidaya shi, a koya wa ma'aikatan lafiya, a sa shi cikin kasafi. Amsar da wata uwa ta bayar a zauren wani ƙauye a ƙasar Gwandu tana cikin abin da ya kai maganar can.

Saboda haka in masu bincike sun zo garinku ta hannun hakimi da mai gari, ku karɓe su. Wajibinsu ne su bayyana muku abin da su ke nema, su nemi izininku kafin su taɓa yaro, kuma kuna da iko ku ƙi, ba abin da za a yi muku. Ba za su karɓi kuɗinku ba. Wanda ya nemi kuɗi ba mai bincike ba ne. In kun yarda kuwa, ku faɗi gaskiya. In yaro kwana uku kunu kaɗai ya sha, kada kunya ta sa a ce ya ci tuwo da nama. Amsar ƙarya ta kan ɓata lissafin gari duka.

To, yanzu sai mu zo kan namu rabon. Tun da magani kyauta ne a Sakkwato, me ya sa har yanzu a ke kai yara bayan fuska ta riga ta zube? Ku ɗauki misali. Wata mace ce a ƙauye, ran Asabar ta ji bakin ɗanta yana wari. Maigida ya tafi cin rani, ba wanda zai ba ta izinin fita, ba ta kuma da ko sisi a ɗaure. Ran Talata kunci ya kumbura, aka kira mai magani ya yi turare. Ran Alhamis kakar yaron ta goya shi zuwa ɗakin magani. Malamin asibiti ya duba, ya ba da abin da ya ke da shi, ya ce a wuce babban asibiti yau yau. Kuɗin mota babu. Aka ce a bari ranar kasuwa a sayar da akuya. Kafin kasuwa ta ci, wurin ya yi baƙi. Ku duba da kyau, ba wanda ya yi mugunta a cikin wannan labari. Kowa yana son yaron. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan ciwo tana hanawa.

Mutumin Jamus ya biya kuɗin fiɗa, amma ba shi nan ran Alhamis da la'asar sa'ad da a ke neman kuɗin babur daga ƙauye zuwa bakin titi, da na mota daga Jega ko Aliero a bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato. Ba shi zai ba mai jinya guzuri ba, ba shi zai ciyar da yara huɗu da ta bari a gida ba, ba shi zai nome gonar da aka bari da damina ba. Bayan an sallamo yaro kuma akwai komawa, gama an ce a dawo bayan wata kaza a yi aiki na biyu, kuma da yawa a nan su ke yankewa, aiki ya tsaya rabi. Wannan gurbi namu ne, ba mai cika shi daga nesa.

Shawarar da mu ke ba ku ita ce, kowane gari da ke da ɗakin magani ya kafa asusun jinya. Ba baƙon abu ba ne gare ku. Kun san gayya, mata sun san adashi da biki, kun san karo-karon gyaran masallaci da rijiya. Ku mutanen Aliero ma ba a koya muku karɓar majinyaci, gama tun kakanni a ke ɗauko masu karaya daga garuruwa masu nisa a kawo wa maɗoranku, a ba su masauki har ƙashi ya kama. Abin da ya rage shi ne a tara tun ciwo bai zo ba, maimakon a bi gida gida da kwano bayan ya zo.

Lokacin tarawa shi ne kaka. Tun 2017 Gwamnati ta keɓe rana cikin watan Nuwamba domin tunawa da wannan ciwo, ya kuwa yi daidai da sa'ad da gero da dawa su ke shiga rumbu. A ce gari yana da gida 200, kowane gida ya ba da mudu ɗaya. Ku lissafa da kanku buhu nawa ke nan. Da rani kuma in albasa ta fito, manoma da dillalai su yanke abin da za su fitar bisa kowace mota da aka yi wa lodi. Wanda ba shi da hatsi yana da abin bayarwa. Direba ya ce duk yaron da ya zo da takardar malamin asibiti, shi da uwarsa kujera biyu kyauta. Mai babur ya ce a tashe shi ko da tsakar dare. Samari su ɗauki noman gonar mai jinya. Mata su haɗu su soya hatsi da waken soya da gyaɗa, awo shida na hatsi, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa, a niƙa a ajiye garin domin kunun yaran da suka rame. Wannan gari shi ne ya ke tare ciwon tun daga bakin ƙofa.

Game da zakka, malamanku sun fi ni sani, ku tambaye su. Abin da na sani shi ne, a mazhabarmu ba a fitar wa albasa da kayan lambu zakkar amfanin gona kamar gero da dawa, amma ƙofar sadaka ba ta rufe ba. Zakka kuma tana da waɗanda aka ambata a ba su, matalaucin da ɗansa ke kwance yana cikinsu. Saboda haka a rubuta zakka dabam, sadaka dabam, kada a gauraya.

Yanzu ga inda irin wannan asusu ya kan mutu, gara in faɗa muku tun da wuri. Ba rowar mutane ke kashe shi ba, rashin lissafi ne. Shekara ta fari kowa ya bayar da murna. Sai ma'aji ya ranta wa surukinsa "har kasuwa ta ci." Sai wani babba ya aiko a ba shi na biki. Ran da yaro ya kwanta a buɗe akwati a tarar da iska. Shekara ta biyu ko mudu ɗaya ba za ku gani ba, kuma ba za a ƙara yarda da mai irin wannan magana ba har shekara goma. Domin haka a yi littafi, duk abin da ya shiga a rubuta a ba mai shi rasit, duk abin da ya fita a rubuta da sa hannun mutum biyu. Mai riƙe littafi dabam, mai riƙe kuɗi dabam. Mai gari ya zama uban asusu, amma kada a ɗora masa ajiya, domin in an ga kuskure a iya tambaya ba tare da jin nauyi ba. Inda akwai kwamitin lafiya na mazaɓa a yi aikin tare da shi. Lalle ne kuma a sa mace cikin kwamitin, ungozoma ko wata dattijuwa da a ke jin maganarta, a bar wani abu a hannunta, gama matar da mijinta ba ya nan ba za ta tafi zauren maza da dare ba, amma za ta aika wa Inna. Magidanta kuma masu tafiya cin rani, ku bar izini kafin ku tafi, ku ce in yaro ya yi ciwo a kai shi asibiti ba sai an jira ku ba.

Kada a mai da hatsin duka kuɗi rana ɗaya, gama kun ga yadda naira ta ke zubewa, abin da ya kai mutum Sakkwato bana ba lalle ya kai shi baɗi ba. A ajiye hatsi da kyau kada ƙwari su ci, a riƙa sayarwa kaɗan kaɗan, amma kullum a bar kuɗin tafiya biyu a hannu. Bayan wata uku uku a karanta lissafi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, nawa ya shiga, nawa ya fita, mutum nawa aka kai asibiti. A faɗi adadi, kada a faɗi suna. Wanda aka taimaka ba ya bukatar a tona shi a bainar jama'a, in kuwa aka tona ɗaya, na biyu zai gwammace ya ɓoye ɗansa. Asusun kuma ba na zaizayar baki kaɗai ba ne. Mace mai doguwar naƙuda, da wanda maciji ya sara, da yaro mai tamowa da za a kai Maiyama ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, duk hanyarsu ɗaya ce.

Ku yi hankali da masu yawo a tasha da kasuwa da hoton yaro mai rami a fuska, ko masu aiko da hoto ta waya, suna cewa a taimaka za a yi masa aiki da kuɗi kaza. Kun riga kun ji aikin kyauta ne. Ku tambaye su takardar asibiti da ta hakimi. In da gaske yaron yana nan, abin da ya ke bukata a kai shi Sakkwato. Iyaye kuma kada wani ya ruɗe ku ya karɓi ɗanku ya riƙa bara da fuskarsa. Mai cin abinci da wannan rami ba zai so a rufe shi ba.

Wani zai ce, "Mu talakawa ne, wannan aikin Gwamnati ne." Gaskiya ne akwai haƙƙi a wuyan Gwamnati, ta sa magani a ɗakin magani, ta biya ma'aikata, ta kawo allurar rigakafi, kuma asusunku bai sauke mata wannan nauyi ba. Ku ci gaba da tambayar wakilanku. Amma ku sani taimakon waje ba gado ba ne. Wata ƙungiyar Ingila da ta yi shekaru tana aiko da likitoci Sakkwato daga baya ta mai da aikinta ƙasar Habasha. Cikin 2025 Gwamnatin Amurka ta yanke yawancin taimakon da ta ke bayarwa a ƙasashen waje, aikin lafiya da na abincin yara ya taɓu a wurare da yawa. Ku kuma tuna Turai kanta ta yi fama da wannan ciwo shekara ɗari biyu da suka wuce. Bai bar ta domin fiɗa ba, ya tafi ne sa'ad da yara suka samu abinci da tsabta, ya kuma sake ɓullowa a sansanonin da aka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu magani na gida, da wanzamai, da maɗora, ku a ke fara kawo wa yaro, domin haka roƙonmu gare ku ya fi na kowa. Ɗori dabam, wannan dabam. In kun ga dasashi yana jini, baki yana wari, kunci ya tashi, kada a tsaga, kada a yi sakiya, kada a ce a gwada turare kwana uku. Ku sa a kai shi ɗakin magani a ranar, in da hali ku raka su da kanku.

Ke kuma uwa da ke zaune yanzu da yaro a cinya, kafin ki tashi daga nan ki wanke hannu, ki buɗe bakinsa a wurin haske, ki ɗaga leɓen sama da na ƙasa ki duba dasashi. Ki riƙa yin haka kowane mako, balle in ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi ko zawo. Ki riƙa goge masa haƙora da asuwaki mai laushi ko tsumma mai tsabta, wanda ya iya kurkure baki a ba shi ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In kin ga ja ko jini, ki nuna wa malamin asibiti yau, ko da ba shi ya kawo ki ba. In an ce ku wuce babban asibiti, ki karɓi takarda daga hannunsa, ki ɗauki katin rigakafin yaron, ku kama hanya.

A jawabi na gaba za mu yi magana a kan ƙyanda da allurarta. Ku huta lafiya.